Ruwan Sanyi a Kunnen Kyobe

Har yau in Namutebi ta wuce tsohon ɗakin hoton ƙwaƙwalwa na asibitin da ta fara aiki a Kampala, sai ta rage sauri. An cire injin tuntuni, wurin ya zama ma'ajiyar kujeru, amma a nan ta fara ganin Kyobe.

Lokacin suna binciken hanyoyin da saƙo ke bi daga cikin kunne zuwa ƙwaƙwalwa, waɗanda ke hana mutum faɗuwa. Sai a kwantar da mutum cikin injin, a zuba masa ruwan sanyi a kunne, jiri ya ɗebe shi, a ɗauki hoto. Kyobe mai rufin kwano ne, ya zo don kansa yana cika baki.

"Ni da nake yini a saman gini? Zuba kawai, 'yar'uwa."

Da aka fito da shi bango ya dafa. "Tsaya wuri ɗaya mana, kin zama biyu, kuma duk kun yi kyau."

Ta yi dariyar da ba a yi a wurin aiki. Da yamma saƙo ya shigo: "Mai ruwan sanyi, jirin bai sake ni ba. Ina zargin ba ruwan ba ne."

Ta amsa: "Jarumin kwano, ka ci ayaba ka kwanta."

Soyayya ta yi nisa, har aka fara maganar gabatar da shi a gida. Sai ranar da Kyobe ya koma zagaye na biyu na binciken, mahaifinta Mubiru ya zo kawo mata saƙo, ya ga saurayin yana tangaɗi da hantsi, 'yarsa na riƙe da shi. Mubiru dattijon coci ne, ko kwalbar giya ba ya son gani.

"Mashayi ba zai zauna a tabarmata ba," in ji shi. "Ga ɗan mai wa'azinmu yana jira."

"Taata, ruwa ne kawai a kunne," ta ce wa mahaifin nata.

"Ruwa? Ni za ki yi wa wayo da furfurata?"

Ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Kyobe ya rubuto: "Zuciyata, ba zan raba ki da mahaifinki ba. In ya ce a'a, zan jira."

Wannan saƙon ya fi komai yi mata ciwo. Ta tafi wurin gwaggonta, wadda a hannunta maganar aure take. Gwaggo ta saurara, ta ɗaura ɗankwali, ta tasa ƙaninta Mubiru gaba har asibiti.

"Kai da ka san komai, kwanta a zuba maka. In ka miƙe tsaf, ni da kaina zan kori yaron."

Likita ya duba kunnen, Namutebi ta zuba ruwan. Mubiru ya yunƙura da fushinsa zai miƙe, sai ga dattijon coci ya rungume gado yana kiran sunan Ubangiji.

"Me ka sha da safen nan, Mubiru?" in ji gwaggo.

Da ɗakin ya daina juyawa Mubiru ya kalli 'yarsa, ya ce a hankali, "Na zalunci yaron nan. Ki ce ya zo."

Ranar gabatarwa Kyobe ya iso cikin farar riga har ƙasa, danginsa ɗauke da kwanduna. Namutebi ta durƙusa a gaban mahaifinta. Tsohon ya ɗora mata hannu a ka, ya ce:

"Na kusa hana ki farin cikinki don na yarda da idona fiye da bakinki. Ki yafe mini, 'yata. Allah ya zaunar da ku lafiya."

Mubiru ya rasu da jimawa. Cikin duk abin da aka faɗa a bikin, wannan kaɗai take iya maimaitawa kalma da kalma, da muryarsa.