Ranar da Ezekiel Ya Tsaya Bayan Dinah

Dinah na tsugune bakin murhu tana dama kunun tsamiya, farar rigar aikinta rataye can nesa don kada hayaƙi ya taɓa ta, sai ga babbar 'yarta Goodness ta faɗo gidan da gudu.

"Momi! Sun yage fostocinki na bakin kasuwa — duka! Na Baba Abel kawai suka bari!"

Dinah ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Takarda suka yaga. Ɗauko kofuna, ƙannenki za su makara."

Dinah ungozoma ce a wani ƙaramin asibitin mishan da ke bayan Dabai, uwar 'ya'ya uku, matar Ezekiel, tsohon soja da ya ajiye kaki ya koma gona. Ba ta taso da sha'awar siyasa ba. Rafi ne ya tura ta. Gadar da ke tsakanin ƙauyen da take aiki da babban titin Zuru ta daɗe da karyewa. A daminar bara wata mai naƙuda da ake kira Leah ta buƙaci babban asibiti, aka ɗauko ta, aka tarar ruwa ya cika maƙil. A bakin rafin nan ta cika, kanta bisa cinyar Dinah. Tun daga ranar Dinah ta ƙudura sai ta nemi kujerar kansila. Matsalar ɗaya ce: mai riƙe da kujerar, wanda ya ci zango guda gadar na nan yadda ya same ta, shi ne Abel, yayan mijinta ciki ɗaya.

Yara ba su gama shan kunu ba ɗan kabu-kabu ya tsaya ƙofar gida. Mama Monica ce, mahaifiyar Ezekiel da Abel. Dinah ta durƙusa har ƙasa.

"Mama, sannu da zuwa. Kin tashi lafiya?"

"Riƙe gaisuwarki! Ina Ezekiel?"

Ezekiel ya fito daga ɗaki yana ɓalle maɓallin riga. Tsohuwar ta ƙi tabarma, ta ƙi ruwa, ta tsaya tsakar gida ta dogara da sandarta.

"Na ji ranar Asabar jam'iyya za ta yi zaɓen fid da gwani, kuma layi za a yi, ƙato bayan ƙato. Babu akwati, babu labule, kowa zai tsaya bayan wanda yake so duniya na kallo. To na zo in ji da kunnena — bayan wa za ka tsaya?"

"Mama, ki zauna mana tukuna…"

"Ban zo zama ba! Ka manta golmo?"

Golmo al'ada ce ta mutanen ƙasar Zuru. Saurayi ba ya samun mata sai ya yi wa uban yarinya noma, damina bayan damina, 'yan'uwa da abokai na taya shi. A lokacin da Ezekiel ke neman Dinah aikin soja ya yi ta ɗauke shi zuwa nesa, Abel ne ya riƙa jan samari zuwa gonar mahaifinta a madadinsa.

Mama Monica ta nuna Dinah da sanda. "Wannan matar da kake gani, da gumin Abel aka auro ta. Kana can kana fareti, yayanka na duƙe gonar ubanta har bayansa ya saɓule. Yau ita ce za ta ƙwace masa kujera, kai kuma ka bi bayanta kamar ɗan akuya? In ka yi haka, kada ka ƙara taka ƙofata!"

Ta juya ta fita. Ezekiel ya bi ta yana "Mama! Mama!" Ko waiwaye ba ta yi ba.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma yaran Abel suka shiga gari da magana: wai Dinah ta saki 'ya'yanta kamar kajin kasuwa, wai ana ganin ta cikin motocin manyan jam'iyya, kuma kowa ya san abin da mace ke biya kafin a ba ta tikiti. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma masu yaɗa ta sun san ƙarya ce. Matar da ke tashi tun asuba ta yi wa yara abinci, ta hau babur zuwa asibiti, ta karɓi haihuwa, ta biya gidajen mata tana neman goyon baya, ta dawo ta duba littattafan makarantar yaranta, ina ta ga lokacin shashanci? Mafi muni, Mama Monica ta ɗauki zancen ta kai taron Zumuntar Mata a coci, ta maimaita shi gaban matan da Dinah ta karɓi haihuwar rabinsu.

Ranar Alhamis da yamma Dinah ta dawo ta tarar da Ezekiel yana cusa kaya cikin jaka.

"Baban Goodness, ina zuwa?"

Ya kau da kai. "Zan leƙa Birnin Kebbi. Wani abokin aikina na dā ba shi da lafiya. Lahadi zan dawo."

"Lahadi." Ta ajiye jakar aikinta a hankali. "Wato bayan an gama layi."

"Dinah, ki gane mana! In na tsaya bayanki na rasa uwa da ɗan'uwa. In na tsaya bayan Yaya na ci amanarki. Me kike so in yi?"

Hawaye suka zubo mata, amma muryarta ba ta yi rawa ba. "Ban taɓa cewa ka tsaya bayana ba. In zuciyarka ta ce Yaya Abel ne zai gyara gadar nan, je ka tsaya bayansa, wallahi zan dafa maka tuwo da dare kamar kullum. Amma an kira matarka karuwa a cikin coci. In aka duba filin nan ranar Asabar ba a gan ka ba, me mutane za su ce? Za su ce mijinta ma ya san gaskiya ne, kunya ta kore shi."

Ezekiel ya ci gaba da cusa kaya cikin jaka.

"Ka je daji ka fuskanci harsashi saboda mutanen da ba ka sani ba. Yau layi ne zai kore ka daga garinku?"

Goodness, da ke laɓe bakin ƙofa, ta fashe da kuka. "Dadi, a makaranta ma sai tsokanata suke yi, wai Momi na da sugadadi! Ni na daina zuwa lesin!"

Ezekiel ya dubi 'yarsa, ya dubi matarsa. Ya zazzage jakar bisa gado.

Ranar Asabar Dinah ta farka ba ta gan shi ba. Babur ɗinsa ba ya nan. Ta ɗauka ya tafi Birnin Kebbi, amma ta yi wa yara wanka, ta ɗaura zaninta, ta nufi filin makarantar firamare inda za a yi zaɓen.

Fili ya cika. Abel na tsaye cikin babbar riga, layinsa ya miƙe har gindin mangwaro, Mama Monica a sahun gaba. Dinah ta je ta tsaya inda jami'in zaɓe ya nuna mata. Ƙawarta Sa'adiya mai sayar da waina ce ta fara zuwa bayanta, sai mijin marigayiya Leah, sai wasu mata kaɗan. Sauran matan suka tsaya gefe cirko-cirko, katin jam'iyya a hannu, kowace na satar kallon mijinta.

Wani daga layin Abel ya ɗaga murya, "Ina sojan? Ko an bar shi gida yana wanke tukwane?" Aka kwashe da dariya.

Dariyar ba ta gama sauka ba aka ji ƙarar babur. Ezekiel ne — wando duk taɓo har gwiwa, gumi ya jiƙa rigarsa, garma a kafaɗa. Ya ratsa taron kai tsaye zuwa gaban Abel, ya rusuna.

"Yaya, ina kwana. Daga gonarka ta Rikoto nake. Na fara maka noman dawa tun da sassafe, ka aika a duba."

Abel ya ɗaure fuska. "Wa ya sa ka?"

"Golmo. Mama ta tuna mini, kuma gaskiya ta faɗa. Ka duƙa gonar surukina saboda ni, ban manta ba, ba kuwa zan manta ba. Duk daminar da ka yi mini zan yi maka, da wannan garmar, da wannan bayan nawa. Noma ka yi mini, noma zan rama maka. Amma gadar da Leah ta mutu a bakinta ba ta cikin golmo, Yaya."

Ya juya ga mahaifiyarsa ya durƙusa. "Mama, ki yi mini aikin gafara. Matata ba abin da aka ce ba ce, kin kuma fi kowa sani."

Ya miƙe, ya taka zuwa ɗaya layin, ya ajiye garma a ƙasa, ya tsaya daidai bayan Dinah, ƙirji a buɗe kamar ranar fareti.

Wani matashi ya yi ihu, "Kai! Soja bayan mace!"

Ezekiel ya waiwaya. "Ƙwarai kuwa. Zo ka tsaya bayana ka ji yadda ake ji."

Sa'adiya ta rangaɗa guɗa. Matan da ke gefe suka dubi juna, ɗaya ta gyara goyonta ta tako, wata ta biyo ta, sai kuma suka ɓarke kamar an buɗe wa ruwa hanya. Har wasu tsofaffin sojoji suka fice daga layin Abel suna cewa ba za su bar ɗan'uwansu shi kaɗai ba. Dinah ba ta juya ba, don doka ta hana ɗan takara barin wurinsa, amma hawaye na ta gangaro mata. Da aka ƙirga, layinta ya zarce na Abel nesa ba kusa ba. Bayan 'yan watanni ta ci babban zaɓe.

Kada mai karatu ya zaci daga nan komai ya yi daɗi. Mama Monica ta rufe musu ƙofa damina guda cur. Duk da haka kowace Lahadi bayan coci Dinah sai ta je da abin awon jini da kwanon tuwo. In an ƙi buɗewa ta ajiye kwanon bakin ƙofa ta tafi, mako na zagayowa ta dawo. Ezekiel kuwa bai fasa gonar Rikoto ba ko sau ɗaya. A majalisar ƙaramar hukuma Dinah ta hana kowa sakat da zancen gada, har suka laƙaba mata suna Uwar Gada. Ba ta ji haushi ba, ba ta kuma yi shiru ba, sai da aka gina ta. Da zango ya ƙare, jam'iyya da kanta ta nemi ta tsaya wa kujerar da ta fi wannan.

Tun kafin haka, wata Laraba bayan waccan damina, ana tsakiyar taron Zumuntar Mata, Mama Monica ta dogara sandarta ta miƙe.

"'Yan'uwa, a nan na tsaya na ɓata sunan matar ɗana. A nan kuma zan wanke shi. Abin da na faɗa ƙarya ne, ban gani ba, son ɗana ne ya rufe mini ido. Dinah, 'yata, zo nan."

Dinah ta taso ta durƙusa gabanta. Tsohuwar ta kama hannunta ta ɗaga ta. "Tashi. Yau ni ce ya kamata in durƙusa, gwiwa ce ta ƙi." Mata suka yi dariya suna share hawaye.

Abel kuwa buhun dawa ya aiko da shi gidan, a ɓoye, ba tare da ko kalma ɗaya ba. Dinah ta karɓa ta yi godiya, don ita mai haƙuri ce. Amma a faɗi gaskiya, wannan bai isa ba. Buhun dawa ba ya wanke sunan mace.

Darasin a fili yake, 'yan mata da samari. Alherin ɗan'uwa abin ramawa ne, amma da irinsa ake rama shi, ba da mutuncin matarka ko ran matan ƙauye ba. Haƙurin Dinah ya kai ta inda ƙarya ba ta isa ta hana ta zuwa ba. Sai dai haƙurin wanda aka zalunta ba ya sauke nauyin da ke kan azzalumi. Tsohuwa mai dogara sanda ta iya miƙewa gaban jama'a ta janye maganarta. Maza masu ƙafa biyu lafiyayyu da suka yaɗa zancen a kasuwa da tasha har yau ba su ce uffan ba. Kasuwar tana nan, tashar ma ba ta tashi ba. Su je can inda suka faɗa, su ɗaga murya kamar yadda suka ɗaga a wancan karon, su ce ƙarya suka yi.