Tsanin La Iri Uku Ne

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar mai zaƙin murya. Ita take ja wa 'yan ajinsu waƙa. Yabo ya shiga kanta, har ta daina sauraro a darasin kiɗa.

Ran nan Malama ta koyar da tsanin la, wato jerin sautuka daga la zuwa la, masu sa waƙa ta ba da tausayi. Yarinyar ta ji farkon kawai, ta koma kallon taga.

Washegari Malama ta ce wata sabuwar ɗaliba ta rera tsanin. Wajen hawa ɗalibar ta ce, "La ti do re mi fi si la." Wajen sauka ta ce, "La so fa mi re do ti la."

Yarinyar nan mai zaƙin murya ta tuntsure da dariya.

"Malama, ta ɓata. Ina ta samo fi da si? Ta hau ta nan, ta sauko ta can, kamar akuya a kan katanga."

Aji ya kwashe da dariya. Sabuwar ɗalibar ta sunkuyar da kai, idonta ya cika da hawaye.

Malama ba ta yi dariya ba. Ta ce wa mai dariyar, "Zo gaban fiyano. Tsanin la iri nawa ne?"

"Ɗaya, Malama."

"Uku ne. Saurara."

Ta kaɗa su ɗaya bayan ɗaya.

"Na farko shi ne na asali, ba a taɓa masa komai. A na biyu ana ɗaga mataki na bakwai kaɗan, so ya koma si. A na uku ana ɗaga na shida da na bakwai wajen hawa, fa ya koma fi, so ya koma si, a mayar da su wajen sauka. Shi ta rera, kuma daidai."

Yarinyar ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

A gida ta kasa cin abinci. Mama ta ce, "Ke kuma lafiya? Yau ko waƙar wanke-wanke ban ji ba."

Ta faɗa mata komai.

"Rashin sanin ne ya dame ki, ko dariyar?"

"Dariyar, Mama."

"To a gaban mutane kika yi ta. A gabansu za ki ba da haƙuri."

Da safe ta tarar sabuwar ɗalibar ta koma kujerar baya, wai ta daina waƙa. Yarinyar ta miƙe a gaban aji.

"Ki yi haƙuri. Ke ce daidai, ni ce ban saurara ba. Za ki koya mini?"

Ɗalibar ta kalle ta, sannan ta matsa mata wuri.

Lokacin hutun tara suka zauna a ƙarƙashin bishiya. Ɗaya ta rera, ɗaya ta faɗi wane iri ne. Sau da yawa yarinyar ta rikita na biyu da na uku, ƙawar tata tana gyara mata ba tare da dariya ba. Kafin ƙarshen mako kunnenta ya gane su duka.

Tun daga nan ta koyi sauraro har ƙarshe, kuma ba ta ƙara yi wa kowa dariya a kan abin da ita kanta ba ta sani ba.