Saurin Da Magana Ba Ta Yankewa

"Ina yake? Yaya, ina yake?!"

Auta ta faɗo barandar asibitin da takalmi ɗaya a ƙafa, mayafinta na jan ƙasa. Yayanta na jingine da bango, kai a sunkuye. Kusa da shi Koci ne, abokinsa mai gidan motsa jiki, yana ta jujjuya waya a hannu.

"Yana ciki," in ji Yaya. "Likita na kansa."

"Mutumin da aka tsaga wa ƙirji bara! Wa ya ɗora shi a kan injin gudu?"

"Ai da ƙafarsa ya hau..." Koci ya fara.

"Ba da kai nake ba!"

Ta dubi yayanta, hawaye na sauka har haɓa.

"Yaya, in Tela ya mutu, ni da kai sai dai gaisuwa."

To 'yan matana, bari in koma da ku baya kaɗan, ku ji yadda aka yi aka zo nan.

Auta a kantin magani take aiki. Daga safe har yamma tana bayan kanta a kan kujera mai juyawa, ta miƙa magani, ta koma ta zauna. Da mahaifinsu ya rasu, sai ta mayar da baƙin cikinta kan abinci da lemon kwalba. Jiki ya buɗe, gwiwa ta fara kuka. Ranar da aka auna jininta, likita ta cire tabarau ta dube ta.

"Suga yana bakin ƙofa, 'yata. Ki rage zaƙi, ki riƙa tafiya kullum."

Koci ya daɗe yana sonta, ita kuwa ko kallo bai ishe ta ba. Da ya ji maganar a wurin Yaya, dariya ya yi har da buga cinya.

"Tafiya? Haba Auta, wannan ai aikin tsofaffi ne! In ba ki yi gumi har kin ga duhu-duhu ba, kitse ko gezau. Zo wurina in narkar da ke."

Ta je sau ɗaya. Madubi ta ko'ina, kiɗa kamar zai fasa kai, kowa na kallon kowa. Ta dawo gida tana ɗingishi, ta rufe ɗaki ta yi kukanta.

Bayan haka ne ta fara fita da sassafe zuwa filin shaƙatawa da ke bayan asibiti. Hanya ce mai bishiyoyi, a ƙarshenta akwai wani tudu da ke hawa zuwa tankin ruwa. Can ta riƙa ganin wani siririn mutum yana tafe yana surutu shi kaɗai, har da nuni da hannu. Da farko kauce masa take yi. Sai wata rana ta gane shi: telan layinsu ne, mai shago kusa da wurin wankin mota.

"Malam Tela, lafiya dai? Da wa kake faɗa?"

Ya yi murmushi, bai tsaya ba.

"Da wata mai kaya, ta kawo yadi jiya tana so shekaranjiya. Ki tako mana, an hana ni tsayawa."

Ta bi shi, ya ba ta labari. An yi masa aikin zuciya, likita ta ce maganinsa tafiya, amma da sharaɗi: ya yi saurin da zai iya magana, ba zai iya rera waƙa ba. In waƙa ta fito, ya yi sanyi da yawa. In magana ta fara yankewa, ya wuce gona da iri.

"To ni ba ni da abokin hira, shi ya sa nake yi da kaina. Mutane sun gama yanke mini hukunci."

Auta ta yi dariya. Rabonta da dariya irin wannan tun babanta na da rai.

"Ki taimaka mini," ya ce. "Ki riƙa yi mini tambaya. In kika ji maganata na gutsurewa, ki ce in rage."

Haka aka fara, 'yan matana. Ita tambaya, shi amsa. Ta san sunan kowace ƙanwarsa, ta san keken ɗinkin da ya gada, ta san yana tsoron allurar asibiti shi da ke wuni da allura a hannu. Fiye da komai, ta san numfashinsa. Kafin shi kansa ya ji, ita ta ji.

"Rage, Tela."

Sai ya rage.

Watanni suka shuɗe. Wata safiya ya dubi rigarta ya girgiza kai.

"Kawo rigar nan shago in rage ta."

"Kai dai! Sikeli ma da ƙyar yake motsi."

"Sikeli bai san aikina ba. Kafaɗa ta zame, hannu yana iyo. Wannan rigar wata ce, ba taki ba."

Ta kai masa ɗaya, ta kai ta biyu. Gwiwa ta daina kuka. Da aka sake auna jini, likita har tafa mata ta yi.

A kan tudun nan ya faɗa mata.

"Auta... ni dai... ina..."

"Rage! Maganarka na yankewa!"

"Wannan ba laifin tudu ba ne, rabin raina. Laifinki ne."

Ta ja mayafi ta rufe fuska, amma ba ta daina tafiya ba.

Sai dai da maganar ta isa gida, Umma ajiye kofin shayinta ta yi a hankali.

"A'a."

"Umma..."

"Na ce a'a. Ni na san abin da ake kira takaba. A bakin ƙofar nan babanku ya faɗi, mukullin mota a hannunsa. Shi da ko ciwon kai ba ya yi! Sannan in ɗauke ki in ba wanda aka riga aka buɗe wa ƙirji? Ba zan ga wannan ranar a kanki ba, Auta."

Ba mugunta ba ce, ku fahimce ni. Tsoro ne, kuma tsoron uwa ba ya jin lallashi.

Koci ya ga ƙofa ta buɗe. Kullum yana kunnen Yaya.

"Mutumin da ba ya iya gudu, shi zai riƙe gida? Yawo fa kawai yake yi a ƙarƙashin bishiya. In lafiyarsa ƙalau, ya zo wurina ya nuna. Kai ma hankalinka ya kwanta."

Yaya ya je shago ya faɗa wa Tela haka, ido da ido. Tela ya ajiye almakashi, ya ce zai zo. Bai gaya wa Auta ba.

Ya hau injin. Koci na tsaye yana danna maɓalli, sauri na ƙaruwa, kiɗa na tashi. Babu wanda ya yi masa tambaya, babu wanda ya saurari amsa. Ya buɗe baki zai yi magana, ba ta fito ba. Sai faɗuwa.

Wannan ne ya kawo mu barandar asibiti.

Umma ta iso ba da daɗewa ba, ta zauna a benci. Can ƙofa ta buɗe, likita ta fito.

"Ya farfaɗo. Bugun zuciyarsa ne ya rikice, mun daidaita shi. Allah ya taƙaita."

Auta ta zauna a ƙasa tana hamdala.

"Likita," in ji Yaya, murya ƙasa-ƙasa, "wai don Allah, tafiya kawai... motsa jiki ce?"

"Zuciya ba ta san inji ba, ɗana, aiki ta sani. In ka yi tafiya da sauri har numfashi ya ɗan tashi, jiki ya yi ɗumi, ka kuma dage kullum, to zuciya tana samun horo, kitse yana raguwa in an kula da ci. Gudu yana da kyau ga wanda aka yarje wa. Shi ban yarje masa ba tukuna. A awonsa na ƙarshe, na yi murna da shi ƙwarai. Yau kun mayar mini da aiki baya."

Yaya ya juya zai kalli Koci. Babu Koci, babu dalilinsa.

Da aka bar Auta ta shiga, ta tarar da shi kwance, wayoyi manne a ƙirji. Ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Masoyiya..."

"Kada ka kira ni haka."

"Na so su ga ni ma namiji ne."

"Sai ka tafi inda babu mai jin numfashinka? Ka ɓoye mini, Tela! Ni da ka ce in riƙa tsare ka!"

Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido har kunne.

"Na yi kuskure. Ki yafe mini."

Ta yafe. Amma a gida Umma ta ƙara kafewa.

"Kin gani da idonki. Kada in sake jin kin taka filin nan."

Auta ta bi maganar uwa. Ta koma zagaya layinsu ita kaɗai, ta bayan gida don kada ta bi ta gaban shago. Ba ta musu, ba ta dariya. Abinci ma sai an matsa. Yaya ya ba ta haƙuri har ya gaji, ya daina zuwa gidan Koci, duk bai dawo da fara'arta ba. Shi ne ma ya kawo labari cewa likita ta bar Tela ya koma tafiya, wai an sake ganinsa yana surutu shi kaɗai.

Wata safiya Umma ta yafa mayafi.

"Ina za ki, Umma?"

"In gaya masa da bakina ya fita harkarki. Ke ma ki huta, shi ma ya huta."

Auta ta bari ta yi nisa, ta bi bayanta.

Tela na hango Umma ya rusuna ya gaishe ta, amma ƙafafunsa na ta motsi.

"Umma, ki yi haƙuri, ba rashin kunya ba ne. An ce kada in tsaya cak a tsakiyar tafiya. In ba damuwa, mu taka a hankali, ina jinki."

Umma ta harare shi, ta gyara mayafi, ta taka. Auta na bayansu, tsakaninsu 'yan bishiyoyi.

"Kai ka san ba ka da lafiya?"

"Na sani, Umma. Ina shan maganina, ina zuwa awo, ba na tsallakewa."

"Ka san abin da ake ji in miji ya faɗi a gaban mace?"

"Ban sani ba. Amma na ga fuskar Auta a asibiti, kuma na yi alkawari ba zan sake jawo mata haka da hannuna ba."

"Za ka iya yi mini alkawarin ba za ka mutu ka bar ta ba?"

"Ba zan iya ba, Umma. Wannan ba a hannuna yake ba. Abin da zan iya shi ne ba zan ɓoye mata ko numfashi ɗaya ba."

Duk wannan a tafe ya faɗa, magana a cike, ba gargada. Suka iso gindin tudu. Umma, da yake zuciya ta ɗebe ta, ta ƙara sauri.

"Ni ban... zo nan... don ka... tsara ni..."

Tela ya dube ta. Ya rage takunsa.

"Umma, mu rage. Maganarki na yankewa."

Umma ta tsaya cak.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta laluba bencin da ke gefen hanya ta zauna, ta rufe fuska da mayafi. Auta ta rugo ta durƙusa gabanta.

"Umma! Mene ne?"

"Babanku..." in ji ta, cikin kuka. "Haka maganarsa ta riƙa yankewa in yana hawa bene. Wata da watanni. In na yi magana ya ce gajiya ce. Ƙato ne, kowa na cewa lafiyayye. Babu wanda ya taɓa ce masa ya rage."

Tela na taka ƙasa a hankali a wuri ɗaya, idonsa ya yi ja.

Umma ta share fuska, ta kama hannun 'yarta.

"Wanda ya san ciwonsa har yake jin na wani... Ke Auta, tashi ki raka shi ya ƙarasa tudun nan. Kada jikinsa ya huce."

"Umma?"

"Ki je, na ce. Kai kuma, ka turo manyanka. Sannan ka tambayar mini likitar nan taka ranar da take ganin mutane."

An yi auren ba da daɗewa ba. Shi ya ɗinka mata rigar da hannunsa, kuma sai da ya sake rage ta ana gobe biki, yana mita yana murmushi. Umma ta je awo, aka tarar jininta ya hau, aka ɗora ta kan magani tun bai yi ɓarna ba.

In kuka bi ta filin nan da sassafe, 'yan matana, za ku gan su su uku a jere, Umma a tsakiya tana ta zuba labari. In sun iso gindin tudu, Auta takan yi shiru ta karkata kai, kunne ɗaya ga mijinta, ɗaya ga uwarta. In ta ji magana a cike, sai ta yi ajiyar zuciya, su hau.