Hular Jaririn Talatu

Gobe sunan jaririn yayarta Talatu a Toranke, kuma Bara'atu ta yi masa alkawarin hula. Tun la'asar take murza sabon injin saƙarta, ulu yana ta zamewa daga allurai. Bayan isha'i takaici ya ishe ta, ta ce, "Ko aljani ne ya zo ya koya min!"

Sai ga wata tsohuwa tsaye a ƙofa, ba sallama.

"Kawo nan, 'yar nan. Garaje kike yi."

Injin ya hau juyawa sumul, hula tana sauka fara fat. Bara'atu ta daskare, don ulunta shuɗi ne. Zaren daga ƙarƙashin kallabin tsohuwar yake fitowa.

"Saura in gwada masa," in ji tsohuwar. "A wane ɗaki yake kwana?"