Gadar da Ta Hana Su Dawowa

Ku yi haƙuri, ban taɓa rubuta labari ba.

Daga garin Greensboro Baba ya kai mu bakin teku, amma ƙanwata Anissa kaɗai ya ɗauka a kwalekwale. Ni aka bar ni a gaɓa da littafina. Gadar da ake ɗagawa don jiragen ruwa su wuce ta maƙale ba ta ɗagu ba, suka kasa dawowa har magariba.

Wata tsohuwa mai warin gishiri ta zauna kusa da ni.

"Ya fi son ta, ko, 'yata? Ni na riƙe miki gadar. In sake ta?"

Ruwa yana ɗiga daga zaninta, amma yashin a bushe yake.

Na sulale na shige mota. Ban ce ta saki ba.