Layin Ƙusa

Da hantsi aka bugo waya ofishin 'yan sanda, aka ce wani mai aikin rufin kwano ya faɗo daga saman sabon ɗakin taro na wata makaranta. Kafin Sufeto ya iso an wuce da mutumin asibiti, kuma leburori sun riga sun yanke hukunci. Sun ɗaure wani zabgegen mutum da igiyar guga, leɓensa a fashe.

Foman ɗin aikin ne ya tari Sufeto, yana share ido da gefen riga.

"Ranka ya daɗe, ga shi nan. Shi ya turo ɗan uwansa."

"Wa ya faɗo?"

"Dogo. Mijin ƙanwata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Wannan kuma ƙaninsa ne, Gajere."

Sufeto ya ɗaga kai ya dubi Gajere, wanda ya fi kowa tsawo a wurin. Ya dai san masu raɗa suna ba sa tsoron Allah.

"Ka ga lokacin da ya tura shi?"

"Ina ƙasa, amma na ji suna cacar baki a sama. Sai na ji rugugi."

"Me suka hau yi?"

"Ɗan gyara ne kawai."

Sufeto ba ya son kalmar "kawai". A aikinsa ya lura duk inda aka saka ta, akwai abin da aka zauna a kai. Ya sa Saje ya kwance Gajere, ya tafi da shi ofis.

A asibiti likita bai ɓoye masa komai ba. Ƙashin baya ya karye, Dogo bai farfaɗo ba, ko ya farfaɗo ma da wuya ya sake taka ƙasa.

Matar Dogo na zaune a kan benci, riƙe da takalmin mijinta ƙafa ɗaya.

"Baiwar Allah, akwai rigima tsakanin maigidanki da ƙaninsa?"

"Kullum suna yi, Yallaɓai. A kan babur, a kan rediyo, a kan wanda ya fi wani ci. In an jima ka gan su suna dariya."

"Yayanki ya ce turo shi aka yi."

Ta daɗe tana juya takalmin a hannunta.

"Yaya ba zai yi min ƙarya ba. Amma baban yara ba ya faɗowa haka nan. Tun kafin a haife ni yake hawa rufi."

Tausayinta ya kama Sufeto. Ko ta ina gaskiya ta ɓullo, a gidanta za ta faɗi.

A ofis Gajere ya fara da ƙarya, kamar yadda masu tsoro suka saba.

"Wallahi ko musu ba mu yi ba."

"Leburori sun ji muryarka."

Ya sunkuyar da kai. "To, mun yi. Na ari baburinsa na fasa fitila. Ya ce min jaki, na ce gado na yi. Shi ke nan. Ina can ƙarshen rufin ina miƙo gwangwanin kwalta, shi yana tafiya tsakiya. Ina ɗagowa na ga babu shi."

"Kwalta ta mece ce?"

"Ta toshe yoyo. Hukumar makaranta ta ce ba za ta karɓi ginin ba sai an gyara, shi ne Foman ya kira mu. Ba mu muka yi rufin ba."

"Wataƙila yayanka ya yi kuskuren taku."

Nan Gajere ya manta a hannun wa yake, ya ɗaga murya.

"Yaya? Haba Yallaɓai! Kowane mai rufi ya san a kan layin ƙusa ake takawa, don nan katako yake a ƙasa. Ranar da na fara aiki na taka tsakiyar kwano, marin da ya yi min har yau kunnen nan bai dawo daidai ba. A kan layi yake, na gan shi da idona."

Sufeto ya koma makarantar bayan azahar, lokacin da ma'aikata suka tafi cin abinci. Maigadi ya buɗe masa ɗakin taron yana rantsuwar babu wanda ya shiga tun safe. Sai ga ƙasa an wanke ta tas, ramin da Dogo ya faɗo ta ciki kuma an liƙe shi da sabon allon silin, fentinsa ko bushewa bai yi ba.

"Aljanu ne suka yi fentin?" in ji Sufeto.

Maigadi ya sosa ƙeya. "Foman ne ya ce kada yara su gani su tsorata."

Sufeto ya zagaya ɗakin, kansa a sama. Tabon ruwa ya ɓata silin, amma ba barkatai ba kamar yadda yoyo ya saba. A jere yake, ɗigo bayan ɗigo, daga bango zuwa bango. Sai tsiri mai tsabta, sai kuma wani jerin.

Ya sa Saje ya kawo tsani, ya ɓalle sabon allon, ya zura kai da tocila.

Ya jima a haka. Da ya sauko, Saje ya ga ransa a ɓace.

"Yallaɓai, lafiya?"

"Rabin katakon rufin nan babu shi. Inda ya kamata a sa biyu, ɗaya aka sa. Sannan aka bi kwanon aka jera ƙusoshi a inda babu katako, aka lanƙwashe bakinsu ta ciki, don mai dubawa daga sama ya ga layi ya cika. Ta nan ruwan ke zuba."

"To ai sai mu kama Foman."

"Zai ce kafintocin farko ne suka cuce shi, shi ma bai sani ba. Mayar da allon yadda yake. Kai kuma maigadi, in ka yi tari a kan maganar nan, tare da Foman za ku kwana a bayan kanta."

Da ma'aikata suka dawo, Sufeto ya kira Foman da fara'a.

"Na gamsu da bayaninka. Saura ka hau da ni ka nuna min inda Gajere ya tsaya, in rufe fayil."

Fuskar Foman ta saki. Ya riga shi hawa tsanin, har yana miƙo masa hannu.

A sama rana ta gasa kwanon, wanda ya ɓurme da Dogo ma an riga an sauya shi, layukan ƙusa sun miƙe reras, babu wanda ya bambanta da wani. Foman ya shige gaba. Sufeto bai kalli inda yake nunawa ba, ƙafafunsa yake kallo. Mutumin ya taka layi na farko, ya buɗe ƙafa ya tsallake na biyu, ya sauka a na uku, ya sake tsallakewa. Gajeren mutum ne mai tumbi, kowane tsallake sai ya yi nishi.

"Ga wurin can, ranka ya daɗe."

"Bari in matso in gani."

Sufeto ya ɗaga ƙafa, ya nufi layin da Foman ya tsallake, kamar zai sauke nauyinsa duka a kai.

"Kada ka taka!"

Ihun ya sa leburorin da ke ƙasa suka ɗago kai. Sufeto ya mayar da ƙafarsa a hankali.

"Don me? Ba layin ƙusa ba ne?"

Gumi ya jiƙe wa Foman wuyan riga.

"Ni baƙo ne, ɗan sanda, ka yi min ihu," in ji Sufeto. "Mijin ƙanwarka fa, da ka sa ya hau nan da safe?"

Foman ya durƙushe a kan kwanon mai zafi.

"Na ce masa ya bi a hankali. Wallahi na ce masa."

"Ka gaya masa babu katako?"

"In na gaya masa ba zai rufa min asiri ba. Dogo ba ya iya yin shiru, a ranar zai je ya faɗa wa hukumar makaranta. Katakon na kai wani aikin ne, da niyyar in mayar. Na ɗauka ba shi da nauyi, kwanon zai ɗauke shi."

"Gajere kuma?"

"Da na ji suna faɗa... sai na ga hanya."

Saje ya sa masa ankwa a gindin tsani. Leburorin da suka fasa wa Gajere baki suka kasa haɗa ido da kowa.

Suna isa ofis ana fito da Gajere daga bayan kanta. A bakin ƙofa suka tarar da matar Dogo, ta zo daga asibiti a ƙafa. Ta dubi ankwar, ta dubi Sufeto, Sufeto ya gaya mata a taƙaice. Bai ji daɗin faɗar ba.

"Ƙanwata," in ji Foman, "ki saurare ni."

"Dama kai na zo nema, Yaya. An ce kana nan kana ba da shaida." Muryarta ba ta rawa. "Ya farfaɗo. Ƙafafunsa ba sa motsi, bai ma sani ba tukuna. Ya ce in zo in ba ka haƙuri, ya ɓata maka kwano, in ya tashi zai gyara."

Foman ya nemi ya zube, Saje ya riƙe shi ta hammata, ya wuce da shi ciki.