Matakalar Baba Albert

Ranar da Jemima ta fara ganin Simon, ruwa bai jima da ɗaukewa ba a Kantin Kwari. Tana tsaye a bakin shagon atamfar da take aiki, sai ga wani saurayi a keken guragu, irin wanda ake murzawa da hannu, tayarsa ta maƙale a taɓo. Ta fito da sauri za ta tura shi.

"A'a, 'yar'uwa, kar ki ɓata takalminki," ya ce yana murmushi. "Riƙe min yadin nan kawai, na amarya ne."

Ta rungume yadin. Ya murza, ya sake murzawa, keken ya fito. Da ta miƙa masa kayansa, bakinta ya ƙi yin shiru.

"Amaryarka ce?"

"Ni tela ne a Kwaciri. Amaren mutane nake wa ɗinki, tawa ba ta iso ba tukuna."

Tun daga ranar, duk faɗin Kwari Simon ya daina ganin yadin kirki sai a shagon su Jemima. Har zare yake zuwa tambaya, alhali ya san sarai ba sa sayarwa. Daga nan saƙonni suka fara kai da kawo.

"Tauraruwata, yau na ɗinka hannun riga a baibai. Laifinki ne."

"Telana, ni ma na ba wata Hajiya shadda a maimakon leshi. Kowa ya ɗauki nasa."

Da yamma idan ta tashi aiki yakan raka ta, yana murza kekensa a hankali daidai da takunta. Ya ba ta labarin ƙungiyarsu ta masu buƙata ta musamman, da yadda suke yawon tuna wa mutane cewa dokar ƙasa ta ce a yi wa gine-ginen jama'a hanyar da keke zai hau.

"Ko a cocinmu, daga bakin taga nake jin wa'azi," in ji shi.

Ita kuwa tana saurare, a ranta tana hango wani ɗan gida marar tudu ko ɗaya, da bishiyar mangwaro, da ƙarar keken ɗinki da safe. Son shi ya riga ya gama kama ta.

Mahaifinta, Baba Albert, magini ne, yana zaune a saman wani bene a Sabon Gari. Shi Ifeanyi yake so mata, mai sayar da kayan mota, wanda ke haye benen da gudu ɗauke da katan ɗin lemo.

"A al'adarmu mai neman aure shi ke zuwa har ɗaki ya durƙusa ya gaida uba," Baba ya ce, ranar da ta kawo masa maganar Simon. "Ga ɗakina nan sama. Wanda ba zai iya hawowa ba, da me zai riƙe min 'ya?"

Cikin kuka Jemima ta tura wa Simon maganar yadda take, ko gyara babu. Shiru, bai amsa ba. Kwanaki suka wuce, keken bai leƙo Kwari ba, ta saddaƙar ya haƙura da ita. Abinci ma ya daina yi mata daɗi.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci wayarta ta yi ƙara.

"Tauraruwata, farin kaftani na tsaya ɗinkawa. Ki gaya wa Baba ina ƙasa."

Samarin gidan suka ce za su ɗauke shi, ya yi godiya ya ƙi. Ya sauko daga keken, ya dafa matakala da hannu biyu, ya ja jikinsa. Ya sake dafawa. Jemima na sama ta toshe baki, hawaye na zuba.

Baba Albert ya fito ya leƙa. Ya ga gumi, ya ga sabon kaftani ya yi duƙun-duƙun. Sai ga shi yana saukowa, har suka haɗu a kwanar benen, ya zauna a matakala kusa da shi.

"Baba, barka da hutawa," Simon ya ce yana haki. "Durƙuson ne dai za a yi min afuwa."

"Tsaya nan, ɗana, ka iso." Baba ya dafa kafaɗarsa. "Ni na zuba matakalar nan da hannuna, ina ta alfahari da ita. Ban taɓa tunanin wanda take barin a ƙasa ba."

Ana saura mako biki aka ga Baba a ƙofar cocin su Simon da buhun siminti, yana zuba hanyar da keke zai hau, ba wanda ya sa shi.

Ranar aure Jemima ta fito cikin rigar da angonta ya ɗinka mata, tana tafe kamar a mafarki. Simon ya murza kekensa ya haye sabuwar hanyar ba tare da an taɓa shi ba. Baba na tsaye a gefe, ya ƙura wa tayoyin ido.

"Ba ta yi tudu da yawa ba ko?"

"Ta yi daidai, Baba."

Bayan Simon 'yan ƙungiyarsu suka biyo, keke na bin keke, har cikin coci. A bakin tagar nan babu kowa. Baba ya ɗora hannu a kan ango da amarya, ya ce Ubangiji ya albarkaci gidansu, ya ba su zama lafiya da zuriya mai albarka. Coci ya ɗauka da amin, muryar Jemima ta fi ta kowa fitowa.